Ga ɗalibin likitanci mai lalura a jiki: ka faɗi buƙatarka tun da wuri

Shan-inna ta taɓa mini ƙafar dama tun ina ƙarami, kuma da sanduna biyu na yi karatun likitanci. Shekarun aji da ɗakin gwaje-gwaje ba su ba ni wahala ba. Wahalar ta fara ne da muka koma asibiti, inda zagayen duba marasa lafiya kan ɗauki sa'o'i ana tsaye.

Kuskuren da na tafka shi ne na ƙi neman komai, don kada a ce alfarma aka yi mini. A ɗakin tiyata, wanda ya wanke hannu ya sa safar hannu ba shi da damar taɓa sanda, saboda haka sai na riƙa ɗora nauyina duka a kan ƙafa ɗaya, gumi yana tsattsafo mini, hankalina ya rabu tsakanin aikin da ake koya mana da tsoron faɗuwa. Kujera mai tsayi da ake iya ɗagawa ta isa ta raba ni da wannan azaba, amma ban buɗe baki ba. Yau kafaɗuna da ƙafar da na dogara da ita suna biyan bashin wancan shiru.

Ka sani cewa abin da za ka nema haƙƙinka ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta wajabta wa ƙasashen da suka amince da ita su yi wa ɗalibi gyaran da ya dace da lalurarsa. Dinesh Palipana na Ostireliya ya samu rauni a laka a hatsarin mota a 2010 yana ɗalibin likitanci, amma ya koma ya kammala, yana kuma duba marasa lafiya yana zaune a kan keken guragu.

Kafin ka fara zuwa asibiti, ka rubuta wa shugabannin makarantarka takarda, ka bayyana aikin da ke yi maka wuya da abin da zai sauƙaƙa shi, domin maganar baki saurin mantuwa gare ta. Wajen zaɓen fanni kuma, kada ka yarda a tura ka sashen hoto ko binciken cututtuka don kawai ana zaune a can. Fannoni ne masu daraja, amma ka fara gwada wanda ranka yake so da kayan taimako a hannu, sannan ka yanke shawara.