Ranar da na goge bikin mutane uku

Watan jiya na ajiye aiki a shagon gyaran kwamfutar da na yi shekara huɗu a ciki nan Beirut Road, yaran shago suna ta cewa yaya ka bar mana wani abu a rubuce, to ga shi, amma fa abu ɗaya ne har yau yake min ciwo.

Wani mai ɗaukar hoton biki ne ya kawo hadi na waje, wato hard disk ɗin da ake jonawa da kwamfuta, tera ɗaya, wai akwai hotunan wata amarya da ya goge, mijinta ya kafe kada su taɓa fitowa, shi kuma ya ji an ce ko an goge ana iya dawo da su. Gaskiya ya ji. In ka goge fayil Windows sunansa kawai take cirewa daga lissafinta ta ce wurin ya zama fili, kayan kuwa suna nan kwance sai ranar da aka rubuta wani abu a kansu, shi ya sa manhajojin dawo da fayil irin su Recuva ko PhotoRec suke tono su kamar wasa. Maganin shi ne a bi filin nan a cike shi da sifili, fayilolin da suke raye ba abin da zai same su, na yi aikin nan ya fi a ƙirga.

Ranar ba wuta, man janareta ya kusa ƙarewa, oga yana tsaye a kaina. Na ce oga bari in kwafe kayan mutumin nan tukuna, ya ce a kan wane hadi, na sayarwa zan ɓare maka? Kai dai yi sauri. Na buɗe Drive Wiper na manhajar CCleaner, zaɓi biyu ne a jere, Free Space Only mai share fili kawai da Entire Drive mai share hadin gaba ɗaya, na ɗauki na biyu. Har sai da ta ce in rubuta ERASE da hannuna, na rubuta ina amsa wa wani kwastoma kuɗin caja, wannan kam laifina ne ba zan ɗora wa kowa ba. Sai bayan kusan minti ashirin idona ya kai kan allon, wallahi sai da cikina ya juya.

Na tsayar, amma farkon hadin ya riga ya tafi har da lissafin fayilolin. Kwana biyu ina kan PhotoRec, hotuna suka dawo birjik ba suna ba folda, biki uku kuma ko ƙurarsu. Abin takaicin ma, hotunan amaryar nan da aka zo gogewa suna cikin waɗanda suka dawo lafiya lau.

Da mutumin ya zo, oga ya kalle ni a gabansa ya ce masa wai ai sai da ya ce min in kwafe. Ban ce uffan ba. Albashin wata uku aka yanka min, kuma har na bar shagon oga bai sayi hadin ajiya ba, ni na saya da kuɗina.

Sauran kuma a gurguje. Bi ɗaya, wato a rubuta a kan filin sau ɗaya, ya wadatar a hadin zamani, hukumar NIST ta Amurka ma haka ta ce, bi 35 ɗin nan na wani masani Gutmann tun 1996 ne don hadin wancan lokaci, in kun ga ana cajin kwastoma ninki a kansa kun dai san dalili. Windows tana da nata a ciki, cipher /w, sau uku take bi kuma fili kawai take taɓawa, da ita na yi amfani da ba a kai nan ba. SSD, ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa, daban ce, ita ke zaɓar inda za ta rubuta, don haka cika fili ba tabbas, Secure Erase ake yi, wato umarnin da ke sa ta goge kanta, ko a kulle bayanan da BitLocker tun farko. Fomat na sauri ba gogewa ba ne, kar ku sayar wa mutum laftof a haka. Kuma ku tambayi mai kaya ko akwai abin da ya goge bisa kuskure yake son a dawo masa, don bayan an bi kai sai dai haƙuri.

Masu tambayar baƙin hadin da yake cikin durowar ƙasa, kar ku wahalar da kanku, shi ne na ajiyar da na saya, na tafi da abina.