Daga Wudil zuwa Kano Neman Likitan Awo

Cikina na uku ya zo min da ciwon kai irin wanda ban sani ba a na baya. A asibitin unguwarmu ma'aikaciya ɗaya ce take fama da layin mata ranar awo. Tana iya ƙoƙarinta, amma kafin ki gama faɗin damuwarki an kira ta bayanki. Shi ya sa maigida ya amince Yaya ta raka ni Kano wajen likitan iyalin da ya daɗe yana duba hawan jinin Innarmu.

Ranar Juma'a muka kama hanya, ga kasuwar shanu tana ci, manyan motoci sun cika gadar Wudil. Yaya ta roƙi direba ya ba ni gaba saboda gargada. A Mariri muka sauka, ɗan adaidaita ya ƙarasa da mu Hotoro.

Abin da ya kwanta min a rai shi ne yadda likitan ya fara da tambaya kafin gwaji. Haihuwa nawa? A gida ko a asibiti? Wa ya taɓa jijjiga a dangi? Da Yaya ta ambaci Inna, sai ya ajiye biro ya ɗaura min abin awon jini da kansa, ya bari na huta, ya sake. Ya danna ƙafata da ɗan yatsa, wurin ya lotsa, ya jima bai ciko ba. Aka duba fitsari, aka yi hoton ciki.

"Hajiya, jininki bai kai 140 bisa 90 ba, amma ya kusa. Wannan cikin ba na haihuwar gida ba ne."

Ya ce tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da awo aƙalla sau 8, na farko kafin mako 12 ya wuce. Ya ba ni maganin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ya rubuta takarda zuwa ga ma'aikaciyarmu ta riƙa auna jinina duk mako. Na ji daɗin da bai raina aikinta ba.

Sai ya juya ga Yaya: in fuska ta kumbura, ko gani ya koma dishi-dishi, ko jini ya ɓalle, kada a jira gari ya waye, a wuce Asibitin Malam Aminu Kano. Tun a mota Yaya ta kira maigida, ta ce ya nemo direban da za a iya tasa cikin dare.