Ranar da aka ja ni Mogiyo kallon tsohon kwabo

Jirginmu ya sauka a filin jirgin Montpellier a kudancin Faransa, ashe filin ma a ƙasar wani ɗan gari yake, Mauguio, su Mogiyo suke cewa. Abokina da ya zo tarbata ya ce tunda ni mayen tarihi ne dole mu leƙa, ga gajiya ga yunwa amma na ce to mu je.

Garin bai kai ya kawo ba gaskiya. A tsakiya akwai wani tudu da hannu aka tara shi, yanzu lambu ne a kai, to nan ne fadar masu sarautar Melgueil ta dā, wato tsohon sunan garin. 'Yar masarauta ce mitsitsiya amma tun ƙarni na 10 take buga kuɗinta, diniye melgoriyan, kuma da shi aka yi ta ciniki a kudancin Faransa har ƙarni na 13.

Washegari a Montpellier wani dattijo mai sayar da tsofaffin kuɗi ya ɗora min guda a tafin hannu. Wallahi kamar ɓawon gyaɗa, nauyinsa wajen giram 1, azurfa ce aka gauraya da jan ƙarfe duk ta yi baƙi, ga alamar kuros a gefe ɗaya. Rubutun jiki ba ya karantuwa, asali daga kuɗin Narbonne aka kwaikwayo, maƙera suka yi ta kwafa har haruffan suka koma zane kawai. Guda 12 ne ke yin "sou" ɗaya a lissafin kuɗinsu, kamar dai kwabo 12 a sule a dā.

Abin da ya tsaya min a rai sai da muka je tsohuwar cocin Maguelone a bakin teku. A 1215 Paparoma ya miƙa masarautar ga bishop na nan, sai gashi a 1266 Paparoma Clement na 4 ya rubuto wa bishop wasiƙar faɗa, wai yana buga kuɗi da rubutun Larabci har da sunan Annabi (SAW), kwaikwayon dirhami mai kusurwa huɗu na Muwahhidun, daular Musulmi ta Arewacin Afirka a lokacin, saboda shi 'yan kasuwa ke kaiwa Arewacin Afirka a karɓa. Bishop fa!

Na koma wajen dattijon na ce irin wannan nake so, ya yi dariya ya ce babu. Baƙin kwabon na saya, yana cikin jakar fasfo dina naɗe a tishu.