Shekara uku ina koyar da ɗinki a gidan gyaran hali

Abin da aka fara koya mini ranar da na shiga gidan gyaran hali shi ne ƙirga almakashi. Ni da na je koyar da ɗinki, sai ga gandiroba ya zaunar da ni yana nuna mini littafi: almakashi 6, allurar hannu 20, reza 2. A sa hannu da safe, a sake ƙirgawa kafin la'asar. Idan allura ɗaya ta ɓata babu mai fita daga ɗakin, har ni. Na ɗauka tsoratarwa ce, sai da ta faru da mu a mako na uku, muka yi awa biyu a durƙushe muna laluben ƙasa da maganaɗisu.

Ni tela ne, shekarata 22 a kan keke. A 2021 wani abokina da ke aiki a gidan ya same ni a shago, ya ce suna da kekuna a ajiye amma babu mai koyarwa, ko zan riƙa ba su Talata da Alhamis. Na ce masa ni gidan yari ko ziyara ban taɓa zuwa ba. Ya ce ai yanzu an daina cewa gidan yari. Tun watan Agusta na 2019 da Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka aka canza wa hukumar gidajen yari suna, ta koma ta gyaran hali, aka raba aikinta gida biyu: tsare mutane, da kuma hukuncin da babu tsarewa a ciki, irin su ɗaurin talala da yi wa al'umma hidima da sulhu tsakanin mai laifi da wanda aka cuta. Na ce to, an ce suna linzami ne, Allah ya sa ya ja su.

Na tarar da kekuna 8 ƙirar Butterfly, biyar ke motsi, da ɗalibai 14. Duk waɗanda aka yanke wa hukunci ne. Masu jiran shari'a ba sa cikin ajin, don babu wanda ya san ranar da za a kira su kotu ko a ba da belinsu, kuma su ne suka fi yawa. A ƙasar nan kusan biyu bisa uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke. Akwai wani da kullum in na wuce sai ya leƙo ta taga ya gaishe ni. Shekararsa huɗu yana jira. Wata rana ya ce, "Malam, ni ko laifin na yi, ai da yanzu na gama ɗaurina na iya ɗinki." Ban sami abin ce masa ba. Yaron da aka kawo kan satar akuya yana kwana ɗaki ɗaya da wanda ya ƙware a fashi, babu aiki, babu karatu, sai hira daga safe har dare. Zama da maɗaukin kanwa kuwa an san abin da yake kawowa.

Kuskurena na farko a bakina yake. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambaya, "Kai me ya kawo ka?" Wani dattijo ya dube ni, ya miƙe ya fita, bai sake dawowa ajin ba. Daga baya abokina ya ja ni gefe ya ce alƙali ya riga ya tambaye su, ɗan sanda ya tambaye su, ni tambayata ita ce wa ya iya zura zare. Tun daga ranar ban sake ba. Wanda ya so, da kansa yake faɗa mini, galibi bayan wata biyar ko shida, kansa a sunkuye yana kalmasa.

Watan farko ban koyar da ɗinki ba, zama na koyar. Da yawansu daga shaye-shaye suka fito, tiramadol da sholisho da kodin, duk da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018. Hannu na rawa, ido ba ya tsayawa wuri guda, minti goma ya yi musu yawa a kan kujera. Sai na riƙa ja musu layi a takarda, su bi shi da allurar keke babu zare, ramukan su nuna inda suka kauce. Mutumin da a waje ake tsoronsa sai ka gan shi yana gumi a kan takarda, ya kawo mini yana jiran in ce ya yi. Wannan jiran shi ne abin da na fi lura da shi. Wasunsu tun suna yara babu wanda ya taɓa duba aikin hannunsu ya ce madalla. Na kuma koyi shiga da ƙuli-ƙuli da gari idan an ba ni izini, don mai jin yunwa ba ya ɗinki a miƙe. Ko a 2023 kuɗin abincin ɗaurarre naira 750 ne a rana, sai a 2024 aka mayar da shi 1,125, kuma kowa ya san farashin kwanon masara.

Ɗalibina na farko da ya fita ya iya wando da kaftani, har aljihun ciki. Murna ta sa na bi abokan sana'a muka yi karo-karo muka saya masa keke da dutsen guga, muka ɗauki hoto, na koma gida ina jin na gama aikina. Bayan wata biyu na ga keken a kasuwar 'yan gwanjo, na gane shi da tabon fentin da ke gefe. Na yi fushi sosai, har na ce na daina zuwa. Da na huce na neme shi. Ashe gidan hayar da ya bari an ba wani, matarsa ta koma gidansu, babu mai ba shi ko baranda ya kafa keke, kuma a unguwar babu wanda zai miƙa shaddarsa ga mutumin da jiya ya fito daga ɗauri. Ya sayar ya ci abinci. Ni na ba shi keke, ban tambayi inda zai kwana ba. A watan Nuwamba na 2023 da aka tara naira miliyan 585 aka biya tarar mutum 4,068 aka sake su a faɗin ƙasa, na yi farin ciki, amma shi na tuna. Na ce a raina, waɗannan duka wa zai tarbe su a bakin ƙofa?

Shi ya sa da wani yaro bahago ya kusa fita, na canza hanya. Shekararsa ba ta fi 23 ba, ƙwacen waya ya kai shi. Almakashin gidan duk na dama ne, haka ya koyi yanka da su har yatsunsa suka yi kanta, kuma a ajin babu mai tsaftar wuyan riga kamarsa. Saura wata biyu ya fita na je wajen mahaifinsa. Tsohon ya ce shi ba shi da ɗa. Na koma da limamin masallacinsu, na sake komawa da mai unguwa. A zuwa na huɗu ya ce, "Ya dawo, amma soro zai kwana." Na ce soron ma ya isa.

Ban saya masa keke ba. Na kawo shi shagona, na zaunar da shi cikin yarana, na ce duk wanda ya kira shi fursuna ya nemi wani maigidan. Sai dai ni da na kafa dokar ni na fara karya ta. Ana saura kwana tara sallah, yadi biyar na shaddar wani alhaji ya ɓata. Shagon ya yi tsit, kowa ya juya yana kallonsa. Ban ce ya ɗauka ba, amma na ce, "Buɗe jakarka in gani," kuma shi kaɗai na ce wa. Ya buɗe, babu komai sai tef da ragowar burodi. Ya rataya jakar ya fita. Washegari wata mata ta aiko da shaddar, an haɗa ta cikin ledar kayanta, kuma ɗan ƙanena ne ya yi kuskuren.

Kwana uku ina nemansa. Na same shi a bakin tasha zaune da tsofaffin abokansa, waɗanda na san abin da suke sha. Na tsaya a gabansu na ce, "Na zalunce ka, ka yafe mini." Ya ce, "Maigida, a can ciki ma kowa ake cajewa, ba mutum ɗaya ba." Gaskiyarsa. Da na ƙara kwana biyu ban je ba, ban jin zan same shi a hayyacinsa. Yanzu in abu ya ɓata a shagon, jakata ake fara buɗewa.

Abin da ya rage shi ne mai wayar. Ɗauri bai mayar masa da wayarsa ba, kuma a layi ɗaya suke, kullum sai sun haɗu a hanyar masallaci, kowa ya kau da kai. Yaron ne da kansa ya ce yana so ya biya. Muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan isha'i, da liman da mahaifinsa. Mutumin ya yi magana mai tsawo. Kuɗin wayar bai dame shi ba kamar yadda aka sa masa wuƙa a gaban 'yarsa, yarinyar ta yi watanni ba ta yarda ta fita da magariba. Yaron bai taɓa jin wannan ba, don a kotu babu wanda ya kawo zancen yarinya. Ya yi kuka irin wanda ban ga ya yi a ciki ba. Aka yanka kuɗi, aka ce ya riƙa biya duk Juma'a ta hannun mai unguwa, ana rubutawa a littafi.

Wata bakwai ya ɗauka kafin ya gama. Daga cikin 14 ɗin farko, na san huɗu da ke cin abinci da keke, biyu sun koma ciki na sake samunsu a ajina, sauran labarinsu ya yanke mini. Bahagon yana nan a shagon, na samo masa almakashin hagu a Kantin Kwari, sai ya ce ya riga ya saba da na dama. A ƙaramar sallar da ta wuce mai wayar ya aiko da yadin yaransa maza biyu, ya ce a ba wancan yaron ya ɗinka. Na 'yar tasa kuwa wani shagon ya kai.