Inda na kai a koyon ƙamsasa gida da man tsirrai

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda aka kwana a ɓangarena. Na dakatar da sayen sababbin kwalabe, na tsaya a kan 'yan ƙalilan da nake da su: man ɓawon lemun zaƙi, lafanda, lubban, na'a-na'a, itacen sida, da wata 'yar mitsitsiyar kwalbar kanumfari. Abin da ke gabana yanzu ba yawan mai ba ne. Tambayoyi ne ƙanana da suka zame mini manya: ɗigo nawa, minti nawa, a wane ɗaki, kuma wa ke numfashi a cikinsa. Ina ganin kusan duk sana'ar a nan take.

Bari in fara da na'urar watsa ƙamshi a ɗaki, wato difuza, don da yawa daga cikinmu muna kunna ta ba mu taɓa leƙa cikinta ba. Difuzar da nake amfani da ita mai ruwa ce. Ku ɗaga murfin tana aiki ku gani: ruwan da ke tsakiya yana tudu yana ɓulɓulowa, hazo fari na tashi daga kansa, amma in ka kai tafin hannu kusa, sanyi za ka ji. A ƙasan tankin akwai ɗan faifan tangaran, bai wuce faɗin kwabo ba, wanda lantarki ke sa shi karkarwa fiye da sau miliyan ɗaya da rabi a daƙiƙa guda. Wannan karkarwar ce ke farfasa ruwan da man da ke yawo a samansa su zama ƙwayoyi ƙanana, sai 'yar fanka ta hura su waje. Babu wuta, babu tafasa. Shi ya sa ƙamshin ke fitowa kusan yadda yake a kwalba. Difuza mai kyandir a ƙasa ba haka take ba. Zafi na korar sassan man marasa nauyi nan da nan, idan kuma ruwan ya ƙafe ba a lura ba, abin da ya rage sai ya ƙone ya bar ƙauri. Akwai kuma wadda ba ta shan ruwa sam, famfon iska ne ke zuƙo man zalla ya fesa shi. Tana cika babban falo cikin 'yan mintuna, sai dai tana cin mai sosai, kuma mai kauri irin na sandal yakan toshe mata maƙogwaro. Ni dai ban ga buƙatarta ba a ɗakin kwana.

Ma'aunin da na zauna a kansa shi ne ɗigo 3 zuwa 5 a ruwa mililita 100, kuma galibi 3 nake sawa. Kusan ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya, ka ga kwalba mai mililita 10 za ta ba ka wajen ɗigo 200. Wanda ke ganin ɗigo uku sun yi kaɗan, ya tuna yadda ake samun man. Yawancinsa da tururi ake fitar da shi: a cika tukunya da ganye ko fure ko itace, a tura tururi ya ratsa su ya kwaso man, a sanyaya shi ya koma ruwa, sannan a yaɗe man da ya taso sama. Na dangin lemu ne kawai aka fi matsowa daga ɓawo ba tare da zafi ba. A kwarin Kazanlak na ƙasar Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya, inda ake noman furen wardi, sai an tara fure wajen tan 3 zuwa 4 kafin a samu kilo ɗaya na mai. Yawancin tsirrai ba su kai wardi rowa ba, amma duk da haka ɗigo guda ba abin rainawa ba ne.

Abin da ya fi canza mini aiki shi ne fahimtar halin hanci. Hanci yana sabawa. Ka kunna difuza, ƙamshi ya cika ɗaki, bayan ɗan lokaci ka ji kamar an ɗauke shi. Ba a ɗauke ba, yana nan daram. Jijiyoyin shaƙa ne suka rage kai saƙo, saboda abin da bai canzawa ba ya zama labari a wurinsu. A daidai wannan gaɓar ce hannu ke kai wa kwalba don a ƙara, kuma daga nan ciwon kai da tashin zuciya ke farawa. Mai gida ba ya jin komai, wanda ya shigo daga waje kuwa har ido yake yi masa yaji. Yanzu in na ji ƙamshi ya ɓace, sai in fita in sha iska na 'yan mintuna in dawo. Da na buɗe ƙofa nake samun amsa, kuma kusan kullum amsar ita ce ya isa. Saboda haka nake kunna ta minti 30, in ta yi yawa awa ɗaya, sannan in kashe ta huta kamar haka ko fiye. In na'urarku tana da saitin da take fesawa ta tsaya ta sake fesawa, ku yi amfani da shi. Mai ya fi auki, hanci ma ya fi jin daɗinsa, don duk dawowar hazon sabo yake jin sa. Barin ta tana aiki dare har asuba a rufaffen ɗaki kuwa, ban yarda da shi ba.

Sai batun haɗi, wanda shi ne daɗin abin. Kafin in zuba komai a na'ura, a takarda nake gwadawa. Nakan yanka farar takarda mai kauri siri-siri kamar yatsa, in rubuta sunan mai da lokaci a gefe ɗaya, in ɗiga ɗigo guda a ɗaya gefen, in lanƙwasa bakin ya ɗago don kada ya taɓa tebur. Sai in riƙa komawa ina sunsunawa. Lemun zaƙi ne ke fara cika wuri, sai ka rantse shi ne sarki, amma kafin awa biyu ya zama tarihi. Lafanda takan kai yamma tana raguwa a hankali, zaƙinta na komawa kamar na busasshiyar ciyawa. Sida kuwa da farko da ƙyar ake jin sa, amma washegari in ka ɗauki takardar yana nan, ƙamshin sabon fensir da aka fiƙe. Wannan ne abin da masu haɗa turare ke kira hawa uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Wani mai haɗa turare na Landan, Septimus Piesse, shi ne a ƙarni na 19 ya jera ƙamshi bisa tsarin sautukan kiɗa, kuma har yau da irin wannan harshe ake magana. Dalilin da wani ƙamshin ke riga wani tafiya kuwa nauyi ne. Ƙwayoyin man lemu ƙanana ne, saurin tashi gare su, na itace da saiwa da ƙaro sun fi nauyi, sai su daɗe, har su ɗan riƙe na sama kada su tsere da wuri.

Haɗin da na fi gamsuwa da shi zuwa yanzu: lemun zaƙi kashi 3, lafanda 2, lubban 1. Ina haɗa su a ƙaramar kwalba daban, in bar su su kwana biyu, sannan in ɗebi ɗigo uku ko huɗu daga ciki. In an ɗiga su ɗaya bayan ɗaya a ruwa, kowanne kansa yake ji, amma in sun zauna tare sai kaifin ya kwanta. Lubban shi ne ya ba ni mamaki. Ƙaron bishiya ne da ake samu a Oman da Somaliya da maƙwabtansu, kuma man nasa yana da ɗan tsami-tsami a farko wanda ke kama hannun lemu, sannan ya sauka ƙasa da ɗumi. Na'a-na'a kuwa baƙo ce da ta fi mai gida surutu, ko ɗigo ɗaya cikin shida sai ta danne kowa. Na kan sa ta ne ita da lemu kawai, da rana, lokacin aiki. Kanumfari ya fi ta ma. Mafi yawansa wani sinadari ne mai suna yujinol, mai zafi, mai ƙona fata in ya taɓa ta zalla. Bakin tsinke nake tsomawa in juya a cikin haɗi, ban taɓa kai shi ɗigo cikakke ba.

Game da sayen mai, ku karanta jikin kwalba da kyau. Na kirki yakan zo da sunan tsiron na Latin, da ƙasar da ya fito, da ɓangaren da aka tace. Misali Lavandula angustifolia ita ce lafanda ta asali, wadda Faransa da Bulgeriya suka yi suna a nomanta. Akwai 'yar uwarta lafandin, wadda ta fi ba da mai, ta fi kuma ƙamshin kafur, don haka ta fi kaifi a hanci. Ba laifi ba ce, amma a san abin da aka saya. Rubutun nan da wasu ke yi cewa mansu na matakin magani ne, babu wata hukuma da ke ba da wannan shaida, kalmar talla ce. Gwajin takarda yana ɗan taimakawa: mai mara nauyi in tsantsa ne yakan bushe bai bar zoben maiƙo ba, in an sirka shi da man girki kuwa tabon zai zauna. Sai dai gwajin ba ya kama ƙamshin da aka haɗa a masana'anta, kuma mai kauri ko mai launi yakan bar tabo ko da tsantsa ne.

Ajiya ma na kula da ita yanzu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na man lemun zaƙi sinadarin limonin ne, wanda iska da haske da zafi ke lalatawa. In ya tsufa sai daɗin ya tafi, ya koma wari-warin fenti, ya kuma fi saurin sa ƙaiƙayi. Shekara ɗaya zuwa biyu yake yi bayan an buɗe. Ina rubuta ranar buɗewa a gindin kwalba, in ɗaure murfi tam, in sa na lemu a firji. Sandal da faculi (man wani ganye mai ƙamshi) da man jema su kam shekaru suke yi, har daɗa kyau suke.

Akwai maganar da nake so mu riƙe da hannu biyu. Iskar ɗaki ba tamu ba ce mu kaɗai. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da wasu abubuwan da ke cikin waɗannan mayuka, kuma hazon da ya sauka a gashinta lashe shi za ta yi. Tsuntsun keji ya fi ta rauni, don huhunsa ba ya jure irin wannan. In akwai su a gida, a bar ƙofa a buɗe dabba ta iya fita, tsuntsu kuma kada a kunna a ɗakin da yake. Na'a-na'a da yukaliftus ba a kai su kusa da fuskar jariri ko ƙaramin yaro, suna iya taɓa numfashinsa. Mai asma a tambaye shi kafin a kunna, in ya ce a'a, magana ta ƙare. Mai juna biyu ta nemi shawarar likita. Kwalaben kuma a ɗaga su sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, domin 'yan mililita na man yukaliftus in yaro ya haɗiye sun isa su kai shi asibiti. Taga ma a ɗan buɗe ta. Ƙamshi ba ya wanke iska, rufe wari kawai yake yi, gidan da ke da danshi ko shara sai an fara da su.

Wankin na'ura ba shi da wuya. A cire daga wuta, a zubar da ragowar ruwa ta gefen da ba ramin iska, a goge. Lokaci-lokaci a sa ruwa rabin tanki da ƙaramin cokali na ruwan khal, a kunna minti biyar, a zubar, a bi faifan a hankali da auduga a tsinke. In hazo ya ragu, mafi yawa dattin da ya daskare a kan faifan nan ne.

Inda da sauran rina a kaba shi ne difuzar tsinke, wato kwalbar man ƙamshi da ake tsoma tsinkaye a ciki, wadda nake so in ajiye a mashiga da banɗaki inda babu soket. Tsinken ratan, wani tsiro dangin dabino, ake so, domin cikinsa cike yake da ƙananan hanyoyi a tsaye da ke jan ruwa sama. In ka duba bakinsa da aka yanke za ka ga 'yan ramuka jere. Tsinken gora ba ya ja yadda ya kamata. Matsalar ita ce abin da za a sirka man da shi. Ruwa ba ya haɗuwa da mai, man zaitun da ire-irensa kuma sun yi kauri, sai su hau rabin tsinke su tsaya. Wanda ke hannuna yanzu shi ne ruwan sirki na masu turare da ake kira DPG, kashi uku nasa, kashi ɗaya na man ƙamshi mai lemu da sida a ciki, a kwalba mai ƙaramin baki, da tsinke shida da nake juyawa duk mako. Yana hawa, amma a hankali, kuma lemun ya riga ya gudu ya bar sida ita kaɗai. Gwaji na gaba zan rage lemu, in ƙara lafanda, in ga ko tsakiyar za ta riƙe. Wanda a cikinku ya samu abin sirkin da ya fi wannan saurin hawa tsinke, don Allah ya faɗa mini wanne ne, da kashi nawa ya sa.