Yadda muka kafa ƙungiyar kacici-kacici a Marwa ba abokin karawa a kusa

Duk mai niyyar kafa ƙungiyar kacici-kacici a Jami'ar Marwa da ke arewacin Kamaru, gara ya duba taswira tun kafin ya buɗe littafi. Daga Marwa zuwa Garwa ya haura kilomita 200, daga Garwa zuwa Ngaundare kuma kusan 280. Mai son Yawunde sai ya ƙara da kwanan jirgin ƙasa. Lokacin da muka fara, Garwa ba ta da jami'a tata ta kanta, sai a 2022 aka kafa ta. Injamena tana nan tsallaken Kusiri, amma hanyar ta bi ta Mora da Waza, kuma tun da rikicin Boko Haram ya shigo yankin a 2014 ba kowane uba ke barin ɗansa ya bi ta saboda wasan tambayoyi ba. Jami'armu kanta a 2008 aka kafa ta, ba mu tarar da wasu tsofaffin 'yan wasa da za su ɗora mu a hanya ba.

Samun mutane bai ba mu wuya ba. Wanda ya tashi yana kallon shirin kacici-kacici na Questions pour un champion a TV5Monde, da wanda ya taɓa wasan Génies en herbe a sakandare, da 'yan Chadi masu karatu a nan, duk suka hallara. Ilimi kam akwai shi. Abin da babu shi ne baƙon da zai tsorata mu. In kullum da abokinka kake karawa, ka san inda yake da rauni, ka san in aka taɓo kimiyya zai yi shiru, sai ka saki jiki. Ɗan dambe da bai taɓa shiga fage da baƙo ba, bai san nauyin hannunsa ba tukuna.

Sai muka ƙirƙiro abokan hamayya a gida. Muka raba kanmu huɗu-huɗu, muna sauya zubin kowane mako, don kada wani ya saba da jingina da gwanin tarihi ko gwanin ƙwallo. Muka riƙa gayyatar ɗaliban makarantar horar da malamai da na fasaha, wani lokacin har malaman sakandare na cikin gari. Waɗannan malaman su suka fi gasa mana aya a hannu, don abin da suke koyarwa kullum yana bakinsu.

Ƙararrawar wasa wani ɗalibin lantarki ya haɗa mana da maɓallan ƙararrawar ƙofa da batirin babur, ta yadda wanda ya riga dannawa zai kulle na saura. Ba ruwanta da ɗaukewar wuta.

Amma abin da ya gina mu da gaske rubuta tambayoyi ne. Da farko daga intanet muke kwaso su, galibi na Faransa: sarakunansu, kogunansu, 'yan siyasarsu. Ɗalibi zai gaya maka shekarar juyin juya halin Faransa, 1789, ba gargada, amma ka tambaye shi a ina Rabeh, mayaƙin da ya ci Borno, ya mutu sai ya kama susar ƙeya, alhali Kusiri, inda ya mutu, a jiharmu take. Muka sa doka: kowa ya zo da tambayoyinsa duk mako, rabinsu a kan ƙasar da ke tsakanin Binuwai da Tafkin Chadi, kuma ya nuna inda ya samo amsar.

Mun koyi jera tambaya daga alama mai wuya zuwa mai sauƙi. Misali: wannan gari yana kusa da mahaɗar Logon da Shari, a nan aka gwabza ranar 22 ga Afrilu 1900, inda shugabannin ɓangarorin biyu duk suka mutu, ɗayansu kwamandan Faransa ne da aka sa wa birnin tsallake sunansa har zuwa 1973. Amsar ita ce Kusiri. Mai zurfin sani zai danna tun a alama ta farko, mai matsakaici sai an zo kan kwamandan, wato Lamy. Wanda ya zauna ya tsara irin wannan a kan Modibbo Adama da tutar da ya karɓo daga Shehu Usmanu, ko tirjiyar Jamusawa a dutsen Mora har Fabrairun 1916, ko ƙuri'ar 1961 da ta kai arewacin Kamarun Birtaniya cikin Najeriya, ko dam ɗin Lagdo na 1982, ya riga ya karanta ninkin abin da zai tambaya. Ni a ganina mai rubuta tambaya goma ya fi mai haddace amsa ɗari amfanuwa, kuma mun gani a fili: waɗanda suka fi naci wajen rubutu su suka zama masu saurin hannu.

Harshe ma ya shigo ciki. Yawancinmu da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa muke tunani, tambaya kuwa da Faransanci, wani lokacin da Ingilishi tunda ƙasar tana da harsunan gwamnati biyu. Sai ka ga mutum ya san amsa sarai, amma kafin ya juyo ta lokaci ya ƙure. Maganinsa shi ne karanta tambayoyi da ƙarfi, da sauri, a bakin mutane daban-daban, har kunne ya saba.

Akwai wata ɗaliba, gwanar labarin ƙasa, da yayanta ya hana zuwa don muna tashi bayan magariba. Na je na same shi a shagonsa. Bayan gaisuwa na ce, “Yaya, alfarma na zo nema, ƙanwarmu ce ginshiƙin ƙungiyar.” Ya ce, “Malam, ba ilimin na ƙi ba, daren na ƙi.” Muka mayar da zama tsakanin la'asar da magariba. Ba ita kaɗai ta dawo ba, har wasu mata suka biyo ta. A watan Maris da Afrilu, da zafi ke wuce digiri 40, dama la'asar sakaliya ce kawai lokacin da kai ke aiki.

Karawarmu ta farko da wata ƙungiya ta waya aka yi, da ɗaliban Ngaundare da wani ɗan Chadi a cikinmu ya haɗa mu da su. Nan muka gane ƙararrawa ba ta yi ta intanet: wanda layinsa ya fi ƙarfi shi ke fara jin tambaya, ko da bai fi sani ba. Muka koma rubutacciyar amsa ta WhatsApp. Alƙali ya tura tambaya, kowane ɓangare ya amsa cikin daƙiƙun da aka yanka, kowa da shaida a ɗakin ɗan'uwansa don kada a leƙa Google. Bai kai zaman gaba da gaba armashi ba, amma ya ba mu abin da muka rasa, wato tambayoyin da ba mu san hannun da ya rubuta su ba.

Digirin farko shekara uku ne, kafin ka ankara gwanayenka sun tafi. Don haka kowace tawaga sai da ɗan shekarar farko a cikinta, ko da zai jawo mana faɗuwa, kuma duk tambayar da aka rubuta tana shiga kundi ɗaya da ake miƙa wa shugaba na gaba.

Kuɗin tafiya kuwa adashe muke zubawa duk wata. Da 'yan Ngaundare mun daidaita a kan Garwa, tunda ita ce tsakiya: kowa ya biya motarsa, a kwana gidan 'yan'uwa, kowane ɓangare ya kawo rabin tambayoyin a rufe, alƙali kuma ya fito daga Garwa.