Sunayen masu sana'a a tsohuwar kasuwar Sarajevo

Taragon titi ya sauke ni a Baščaršija, tsohuwar kasuwar Sarajevo, babban birnin Bosniya, wadda Isa-beg Ishaković ya kafa a ƙarni na 15, zamanin daular Usmaniyya. Ban tsaya wajen tattabarun da suka yi wa famfon Sebilj ƙawanya ba. Ƙarar guduma ce ta ja ni zuwa wani siririn layi mai suna Kazandžiluk.

Maƙeran tagulla ne nan. Wani dattijo na sassaƙa zane a jikin kwanson harsashin igwa, ragowar yaƙin Bosniya na 1992 zuwa 1995, yana mayar da shi mazubin fure. Kusa da shi tukwanen gahawa masu dogon mariƙi suna rataye. Shi ana ce masa kazandžija. Wannan jela ta džija, da ake furta ta "jiya", aron harshen Turkanci ce: kazan tukunya, a liƙa mata jela ta zama mai ƙera tukunya. Aikin da "ma-" ke yi a Hausa a farkon maƙeri da marini, su a ƙarshe suke sa shi.

Daga nan sai allunan tituna suka fara yi mini magana. Kujundžiluk, kusa da masallacin Gazi Husrev-beg, na maƙeran zinariya ne. Bravadžiluk na masu kwaɗo da makulli ne a da, amma yau ko kwaɗo ɗaya ban gani ba, sai hayaƙin gashin nama.

Abin da ya fi burge ni, mulkin Usmaniyya ya kau tun 1878, jelar ba ta bi su ba. Direban babbar mota kamiondžija ne. Mai yawan surutu galamdžija, mai cin zali siledžija, har ta koma abin tsokana.

Mutanen ƙasar ma suna da nasu sunayen na gado: pekar mai gasa burodi, putnik matafiyi, kovač maƙerin ƙarfe. Layin Kovači shi ne ya hau tudu zuwa maƙabartar da aka binne Alija Izetbegović, tsohon shugaban Bosniya, a 2003. Hawan ya ci mini gwiwa, na gangaro da yunwa na koma Bravadžiluk. Mai gashi, wato ćevabdžija, bai ko ɗago kai ba ya tambaye ni da yatsu: curin nama biyar ko goma? Na ce goma, da albasa.